Waƙar Renon Mahaifiyata da Na Ba Baƙi

A wancan lokacin ni matar gida ce a garin Silver Spring, kusa da Washington, maigidana yana aikin asibiti, ni kuwa daga kicin sai falo. Ban yi nisa a boko ba, amma Allah Ya ba ni kunne, in na ji abu sau ɗaya ya zauna ke nan. Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, ba ta bar min hoto ko kaset ba, sai waƙar reno guda. A hankali take rera ta, a tsakiya ta yi shiru, ta bubbuga bayan yaro, ta ja numfashi sannan ta ɗora. Da ita na reni 'ya'yana duka.

Wata rana babbar 'yata, tana jami'a lokacin, ta kawo min wasu mawaƙa 'yan Sweden da suka zo wasa Washington. Yara masu ladabi, suka cire takalma a bakin ƙofa, suka ci tuwo da miyar kuka har da ƙari. Ni da bakina ba ya hutawa, ina kwashe kwanuka ina rera waƙar. Suka roƙe ni in maimaita su ɗauki muryata, 'yata ta ce ai ba komai. Daɗin yabo ya kwashe ni, ban ko tambayi me za su yi da ita ba.

Bayan wasu watanni, ina shagon 'yan Afirka ina zaɓar busasshen kifi, sai na ji muryata a rediyo, an ɗora ta a kan kiɗa mai gudu. Shirun nan na tsakiya sun yanke shi. Waƙar ta karɓu, har a wani taron suna a garin Clinton ƙawayena suka yi ta tsokanata wai a matsa wa tauraruwa ta zauna. Na yi ta dariya. Ba zan ce yaran sun cuce ni ba, har waya suka yi suna godiya.

Sai da 'yar tawa ta haihu na gane asarata. Na rungumi jikata na buɗe baki, sai kiɗan nan ya riga ni. Na nemi inda mahaifiyata take yin shiru, na rasa. Kunnen da nake taƙama da shi ya riƙe sabuwar, ya saki tsohuwar. 'Yata ta nemi asalin abin da suka ɗauka, suka ce ya ɓace.

'Yan'uwana mata, abin da kuka gada a baki ku fara adana wa 'ya'yanku kafin ku ba baƙo, ku kuma tambayi inda za a kai shi. Jikata tana barci da waƙar, amma ni na san ba ta mahaifiyata nake rera mata ba.