Gyaɗa Goma Sha Shida

Ni ne mutum na farko a zuriyarmu da ya auro bare. Haka na riƙa faɗa a kowace inuwa ta Bebeji, har jakuna suka haddace. A gidanmu ɗan wa ke auren 'yar ƙani tun zamanin da duwatsu ke da laushi, ni kuwa na rantse sai na kawo sabon jini.

Ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai, Gwaggo, yayar mahaifina, ta aike ni da daddawa wani gida a wani ƙauye a duwatsun Doguwa. Ta ce, "Baƙi ne, ba mu san asalinsu ba." Kwana uku ina tafiya, takalmina ya koma igiya. A gidan na ga wata yarinya, na nemi aurenta, aka ba ni ita ba ko gardama. Na ɗauka kwarjinina ne.

Ranar sunan ɗanmu na fari na kafa rumfa biyu, ɗaya ta dangina, ɗaya ta surukai. Da hantsi sai ga kowa a rumfa ɗaya, suna tsokanar juna da sunayen yarinta. Ɗaya rumfar, akuya ce kwance a ciki.

Na shiga cikin gida na tarar da Gwaggo tana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Gwaggo, ina mutanen nan suka san juna?"

Ta ce, "Zauna, ja'iri." Ta jera ƙwaya takwas a faifai, kakannin iyayena. Ta jera takwas na matata. "Wannan malamin da ya haifi kakarka ta Ƙiru, shi ya haifi kakanta na Tudun Wada." Ta jefa ɗaya a baki. "Matarsa ma ɗaya ce." Ta cinye. Uwata da ubana ma ashe a tsoho ɗaya suka haɗu. Tana lissafi tana tauna, ina kallon kakannina suna ƙarewa, har saura shida.

Da sani ta aike ni. Mahaifina ya sani, liman ya sani, waɗanda suka yi shekara biyu suna gyaɗa mini kai a inuwa duk sun sani. Wata guda ban ci tuwon Gwaggo ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Na dai je wurin mai jego, ko ita ma an cuce ta mu yi kuka tare. Ta gyara wa jariri kwanciya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Haba Yaya. Ran da ka fara sallama a gidanmu, da kunnuwanka Inna ta gane ka."