Kunyar Ɗan Fari Ta Hana Ɗana Ganin Likita

Malam Edita, ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a gefen Kurmin Kogi. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka idan rubutuna ya karkace a yi haƙuri, maganar dai ba ta karkace ba. A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai ɗa guda, kuma duk unguwarmu ba a yabon kowa da kunya kamar ni. Kun san al'adarmu game da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ni na ma wuce gona da iri. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin uwar mijina, ko tuntuɓe ya yi a gabana sai in kau da kai, mata suna cewa ga 'yar gidan mutunci, ni kuwa kaina yana ƙara girma.

A da, in jiki ya ƙi daɗi, wanzamin gidanmu ake aika wa. Shi ya yi wa mijina kaciya, shi ya yi wa yaron aski ranar suna, ya san jikin kowa a gidan. Ba ya tambayar uwar ɗan fari komai, don ya san ba za ta amsa ba. Sai dai ya duba tsumman yaro da kansa, ya dubi idon uwar, ya gane sauran. To yaron yana shekara uku ya kama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, cikinsa ya kumbura. Wanzami ya zo ya duba, sannan ya ce wannan ba na ƙaho ba ne, ba na saiwa ba ne, a kai shi ɗakin shan maganin da En'e, wato hukumar gargajiya, ta gina, amma a tabbata likita ne ya gan shi da idonsa.

Ganin likitan nan kuwa ba abin wasa ba ne. Malamin asibiti ne kullum a wurin, shi ke wanke gyambo, yana ba da maganin kwalba. Likita Bature daga Zariya yake zuwa rangadi, wani lokaci a ce gobe zai zo, mutane su kwana a gindin kuka, a wayi gari a ce ya fasa. Sau biyu muna zuwa muna komowa haka nan, uwar mijina na goye da yaron, ni ina biye da ƙwaryar fura kamar 'yar rakiya. Ita idonta ya yi rauni. Ni ke wanke tsummansa, ni kaɗai na san fitsarinsa ya koma ja kamar jiƙon kanwa, ni kaɗai na ga ranar da ya sandare idanunsa suka juye. Ban faɗa wa kowa ba. Ta yaya zan buɗe baki a gaban suruka in nuna ina bin ɗan fari da kallo?

Zuwa na uku muka tarar da motar likita. Mutane kamar ranar kasuwar Makarfi, har daga Hunkuyi da Nasarawan Doya. Aka ce ba zai iya ganin kowa ba, kafin la'asar zai juya, saboda haka malamin asibiti ya bi layi yana tambaya, yana ware waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. A gabanmu akwai wata mai tuwon sayarwa. Yana isowa ta kwance goyonta ta miƙa masa, tana ihu tana lissafa abin da ɗanta ya yi amai da abin da ya yi gudawa, ta ce ko ya shigar da ita ko ta kwanta a gaban motar. Mata suka riƙa taɓa baki suna cewa wannan ba ta da ta-ido. Ni ma na taya su. Aka shigar da ita.

Da ya zo kanmu, yaron yana barci, zazzaɓin ya ɗan sauka. Malamin ya tambaya wace ce uwar. Uwar mijina ta nuna ni, ta ce amma fa ɗan fari ne, ranka ya daɗe. Ya ce shi ba ruwansa da fari ko auta, in gaya masa yadda jikin yake, ko akwai jini, ko yana suma. Wallahi maganar tana bakina. Na ji idon matan nan a kaina, na ji numfashin surukata a kafaɗata, na sunkuyar da kai na ce da sauƙi. Ya sake tambaya, na sake cewa da sauƙi. Wata tsohuwa ta ce Allah Ya yi mini albarka, irinmu sun ƙare. Ya ba mu maganin kwalba ya wuce. Ba zan ɗora masa laifi ba, abin da na ba shi da shi ya yi aiki.

Da ruwa ya sauka jikin ya rikice. Muka koma, a wannan karon na faɗi komai, har da abin da ba a tambaye ni ba. Malamin ya dafe kai ya ce don me ban faɗa ba ranar da likita yake nan, yanzu rafi ya yanke hanya, likitan ba zai dawo ba sai kaka, mu nufi Zariya. Mijina ya ɗora mu a jaki. Ba mu kai bakin titin mota ba. A hannuna ya cika, kuma ranar ce na fara rungume shi a sarari. Wajen zaman makoki ma ban yi kuka ba, don uwar ɗan fari ba ta yi. Masu gaisuwa suka yi ta yabon haƙurina.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, na yarda da ƙaddara. Amma Allah bai ce in yi shiru ba, mata ne suka ce, ni kuma na zaɓi yabonsu. Ɗan mai tuwon nan yana nan da ransa, da gemunsa, ina ganinsa a kasuwa yana awon dawa.

'Yan'uwana mata, zamanin mai maganin da ya san gidanku ya wuce. Na yanzu bai san ki ba, bai san kakarki ba, ba shi da lokacin karanta idonki, kuma in kin rasa shi yau ba ki san ranar da za ki sake samunsa ba. In ya tambaye ki, faɗi jinin, faɗi suman, ko a gaban sarkin surukai ne. Bari su ce ba ki da kunya. Ni da nake da ita, ranar da malamar ajinmu ta ce kowa ta rubuta sunan wanda take so a allo, sunan yaron nan na rubuta. Na karanta shi da ƙarfi, karon farko a rayuwata, babu mai amsawa.