Randar da na fitar daga ɗakin Yaya Hawa

Da damanar bana shekara talatin da bakwai ke nan da rasuwar yayata Hawa, wadda ta goya ni bayan mutuwar innarmu. Lokacin soja ke mulki. Ta dawo daga kasuwar Bonkuku lafiya lau, kashegari zawo ya kayar da ita, idanunta suka zurma.

A garinmu na Kurfai an saba hana mai zawo ruwa, wai abin da ya sha shi ke fita. Ni kaɗai na yi lakwal, wato boko, a gidan, har aji shida, don haka ni aka tambaya. Na ce a hana ta. Da hannuna na mirgina randar ɗakinta zuwa bayan rumbu.

"Isa, ɗan ƙanena, ni da na yaye ka da fura? Kurɓi ɗaya," in ji ta. Na ce, "Yi haƙuri, Yaya, sai ya tsaya." Muna cikin amalanke kan hanyar likitar Filinge ta cika.

Bara jikarta Zalika, ma'aikaciyar jinya, ta yi mini bayani. Ta ce ƙwayoyin cutar na sakin dafi a hanji, dafin ya riƙa tatso ruwa da gishirin jiki. Ruwan ya share ƙwayoyi masu amfani da ke zaune can, baƙin su sami fili su yaɗu, su kuma bi zawon su fita neman wani. Ashe ba ruwan randa ke fita ba, ruwan jikinta ne. Sau uku na sa ta maimaita. Sai bayan sati na iya gaya mata batun randar. Ta ce, "Kaka, kowa haka ya sani a lokacin." Na ce amma ba kowa ya mirgina ta ba.

Da Hawa ta ga yau, ina yawo da ƙunshin gishiri da sukari a aljihu, ina tambayar uwayen yara ko sun tafasa ruwa, in tafi, in dawo in sake tambaya, da ta yi dariya ta ce tsorona ya sami aiki. Ko za ta yafe mini? Ina zaton haka, amma zato ne.

Randar tana nan ƙofar gidana. Ni ke cika ta kowace safiya, moɗa a kai, duk mai ƙishi ya sha. Allah ya jiƙanki, Yaya, ya shayar da ke.