Baƙin Bidiyon da ke Cikin Wayar Inna

Ni ce ƴar fari a ɗakinmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. "Ke" take ce mini. Ke, kawo ruwa. Ke, kori akuyar can. In baƙi suka tambaye ta ina nake, sai ta kau da kai ta ce, "Waccan tana Buza, wai tana karantar da ɗiyan mutane." Na san al'ada ce, kowace uwa a ƙauyenmu na bayan Deule haka take kunyar ɗanta na fari, amma sanin hakan bai taɓa hana ni jin haushi ba. Ƙanena kuwa, mai bi mini, sunansa ba ya sauka daga bakinta, har ja take yi masa kamar mai lasar zuma.

Shi ne ya aiko mata da waya daga Abijan, inda yake bida, wato neman kuɗi. Babba ce, irin ta shafawa. Da farko ta ce me za ta yi da madubin da ba ya nuna fuska, amma da aka koya mata abu ɗaya, ta danna ta yi magana ta saki, shi ke nan ta samu abin yi. Kullum sai ta aika masa da saƙon murya, abin da muke kira wokal. Ruwa ya sauka a fadama, tunkiya ta haihu, wane ya dawo daga Libiya ya rame, kada ya riƙa cin abincin titi. In ta gama sai ta ƙulle wayar a haɓar zanenta ta ci gaba da aikinta. Ni ba ta aiko mini da wokal. In tana da saƙo gare ni, ta Abijan yake biyowa.

Da kaka, ana tsakiyar yankan gero, ta faɗi a bakin murhu. A asibitin Madawa aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka saki, magana ta ɗauke ɗif. Likita ya ce tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, mu dai mu yawaita yi mata hira. Na ɗauko ta na kawo ta gidana a Buza. Matar da ake jin muryarta tun daga rijiya, sai ga ta zaune a tabarma tana bin mutane da ido. Ina dawowa daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, in gaishe ta, in ba ta labarin yara da shirmensu, ita kuwa sai kallo. Ban taɓa zaton zan yi kewar "Ke" ɗin nan ba, amma na yi, har ina shiga madafa in share hawaye in ce hayaƙi ne.

Da bazara ta shigo ƙanena ya kira ni hankali tashe. Wayarsa ta faɗa kwata a ruwan Abijan, duk wokal ɗin Inna sun tafi da ita.

Ya ce, "Yaya, yanzu muryar Inna ba ta ko'ina sai cikin wayatta. Don Allah ki kwashe ki sa ga ordinater ɗinki tun ba ta mutu ba."

Na ɗauko wayar daga ƙarƙashin matashin Inna, na juya ta. Batirin ya kumbura har bayanta ya ɗaga kamar fanke a mai, gilashin ya tsage, rabinsa na sama ba ya jin taɓi sam. Ita ma wayar ɓarinta guda ya shanye. In ta mutu, kuma bakin Inna bai buɗe ba, to ƴaƴanmu ba za su taɓa sanin yadda kakarsu take magana ba, mu ma sannu a hankali za mu manta.

Ordinater ɗin da yake nufi wata tsohuwar kwamfuta ce da nake buga jarrabawar yara da ita. Na jona waya da igiyar cajinta, kwamfuta ta yi kamar ba a kawo mata baƙuwa ba. Ashe igiyar ta wuta ce kawai, ba ta ɗaukar kaya. Na aro wata wajen maƙwabta. Wannan karon suka ga juna, na zaɓi duk abin da ke cikin wayar na ce a kwashe. Koren layi ya fito yana tafiya sannu sannu, ni kuma har na fara yaba kaina. Da ya ɗan wuce rabi sai ya tsaya. Na jira. Na yi alwala na yi salla na dawo, yana nan inda na bar shi. Na taɓa wayar, zafi rau kamar an ciro ta daga toka, fuskarta ta yi duhu, kwamfuta kuma ta ce ba ta ganin kowa.

Na sake. Na kashe su duka biyu na kunna. Na canza ramin da nake jona igiyar. Na samo ƙayar aduwa na sakace bakin wayar, abin da ya fito ya isa kaza ta karya kumallo, ƙaiƙayi ne da garin gero da zaren zane. Na ce to yanzu kam an gano ciwon. Ina! Layin ya zo daidai wurin nan ya ƙame, kamar jakin da ya ga kwazazzabo. Ni kuma Allah ya yi ni da gajen haƙuri. Na yi wa wayar faɗa, na yi wa kwamfutar faɗa, na haɗa da ƙanena da ke can bakin teku bai san ana yi ba. Inna tana tabarma tana kallona.

Ran kasuwar Madawa na bar ta wurin maƙwabciyata, na sa waya da kwamfuta a jaka na shiga mota. Akwai wani dattijo mai gyaran waya a wata rumfa kusa da masu albasa, teburinsa cike da gawarwakin wayoyi. Na zayyana masa komai. Ya jona, ya ƙyale layin ya tafi har ya tsaya, sannan ya jera kayan cikin wayar daga babba zuwa ƙarami. Ya yi dariya ya juyo mini da fuskar kwamfutar.

"Malama, ga ɓarawonki nan. Bidiyo na, baƙi ƙirin, babu komi ciki. Tsohuwa tad danne kamara ba ta sani ba, taƙ ƙulle waya ga zane, taƙ ɗauki duhu wuni guda. Shi ka tsai da ke. In anka zo gare shi waya ta yi zahi, ta yi kwana, sai zancen ya yanke. A goge shi, sauran su wuce awa ruwa."

Har na buɗe baki zan ce goge. Na gaji, rana ta dake ni, ga motar Buza tana shirin cika. Sai na ce bari dai in ji. Na kara wayar a kunne, na toshe ɗayan da yatsa saboda hayaniyar kasuwa. Ban ji magana ba. Na ji luguden taɓarya, sannan na ji tari, ɗan gajeren tarin nan da Inna take yi in ƙaiƙayi ya shiga mata maƙogwaro.

Na ce, "Baba, wanga ba ya goguwa."

Ya dube ni, bai tambaye ni dalili ba. Ya ce to in fara kwashe ƙananan kashi kashi, in bar babban shi kaɗai daga ƙarshe. In nema wa wayar wuri mai sanyi. Kuma kada in bar ta ta yi barci. Ya so ya shiga ya ƙara mata lokacin barcin, amma wurin da ake dannawa yana can ɓarin da ya mutu.

"Sai dai a zamna a dinga taɓa ta, awa mai renon jinjiri," in ji shi.

Washegari babu lakwal. Na bi yadda ya ce, wokal ɗin suka wuce tsaf, tuli guda bayan tuli, hotunan tumaki da na gonar albasa ma suka bi su. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Saura baƙin bidiyon. Na sa shi, na zauna ina taɓa gilashin, sai na jiyo ƙaurin tukunya. Kafin in sauke ta in dawo waya ta yi duhu, an koma gidan jiya. Na saki salati da ƙarfi, na buga cinya. Da na waiga sai na ga kafaɗar Inna tana rawa, bakinta ya ƙara karkacewa. Dariya take yi mini. Tun faɗuwarta ban ga ta yi dariya ba, kuma da ta tashi yi, ni ta samu.

Wuri mafi sanyi a gidana shi ne gindin randa, inda rairayi yake jiƙe kullum. Na shimfiɗa faifai a kan rairayin, na kwantar da wayar, na ɗora kwamfutar a kan kujerar tsuguno, na jawo tabarmar Inna kusa don kada ta zauna ita kaɗai. Na sake sa shi bayan azahar. Ban roƙe ta komai ba. Ina cikin taɓawa sai na ga hannunta na hagu ya miƙo, ya ture nawa. Ta sa ɗan yatsanta a gilashin, ta ɗaga, ta dakata, ta sake sawa. Wayarta ce, ta fi ni sanin inda take jin taɓi.

Haka muka zauna. Layin ya zo wurin da ya saba ƙamewa, ya ɗan yi jim, ya wuce. Can kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, fanka ta tsaya, kwamfutar ta koma kan batirinta wanda shi ma ba abin dogaro ba ne. Na ɗauki mafici ina fifita waya, ina fifita Inna, zufa tana zuba a wuyana. Hannunta ya gaji, na ce ta bari in karɓa, ta harare ni da idon nan da na sani tun ina yarinya. Na janye hannuna. Ana kiran la'asar layin ya cika, ya ɓace. Na duba, na sake dubawa, bidiyon yana cikin kwamfuta, cikakke.

Da sauran batirin da ya rage na ce bari mu ji abin da muka sha wahala a kansa. Fuskar kwamfutar baƙa wuluk, sai murya ta fito, garau, ta cika tsakar gidan.

"Ya tahi? To, Allah shi sa ya tahi."

Inna ce, tana zaton wokal ta aika. Sai ƙarar zane, sai daka. Na dube ta, ta ƙura wa kwamfutar ido, hannunta ya kama bakin tabarma. Ina ɗan turawa gaba, sai ga sallamar wata maƙwabciyarta ta ƙauye. Suka taɓa zancen ruwa, suka taɓa na wata amarya, sannan matar ta tambayi labarina.

Muryar Inna ta ce, "Waccan? Boko ya cinye ta. Hura tata awa ruwan wanki, in kin sha sai ki nemi abinci."

Na ce, "Inna! Ashe haka kike sai da ni ga mutane?" Ta kau da kai tana kallon randa, kafaɗar tana rawa.

Maƙwabciyar ta yi sallama ta tafi. Ba abin da ake ji sai kukan kaji da ƙarar faifai, Inna tana tankaɗe, tana ɗan gunjin waƙa a hanci. Har na kai hannu zan rufe, don batirin ya yi ja. Sai waƙar ta tsaya, ta yi ajiyar zuciya, ta fara addu'a ƙasa ƙasa, irin wadda mutum yake yi in ya tabbata ba kowa a gidan. Ta roƙa wa na Abijan tsari. Sannan ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, yadda aka raɗa mini shi, ba ta rage ko harafi ba.

"Allah ka tsare min ita. Zuciya gare ta awa ni, ka sanyaya mata. Ita ta ƙarhina, ko ban hwaɗi ba."

Na haura arba'in a duniya, ranar na fara jin yadda sunana yake a bakin uwata, kuma ya fi daɗi yadda ban taɓa zato ba. Na yi kuka sosai, ba hayaƙin da zan laƙa wa laifi.

Da na ɗago, Inna ta jawo mayafi da hannun hagu ta rufe fuskarta ruf, kamar amaryar da aka kama tana leƙen baƙi. Kunya ce ta kama ta. Ciwon ya ɗauke mata hannu da ƙafa da harshe, amma ita tana nan ciki yadda take, ba abin da ya taɓa ta. Ganin haka sai tsiyata ta motsa. Na share ido, na mayar da bidiyon baya kaɗan, na ƙara murya, sunana ya sake fitowa har maƙwabta suna iya ji. Ta fara bugun tabarma da tafin hannu. Na sake mayarwa. Ta yaye mayafin, ta watsa mini harara, wuyanta ya kumbura, leɓɓanta suna kokawa da juna.

"Ke!"

A shaƙe ta fito, a karkace, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Daga baya wasu kalmomin sun biyo ta ɗaya bayan ɗaya, ruwa, to, a'a, da sunan ɗan gatan nan na Abijan, amma ranar ita kaɗai ce, kuma ni aka ba.

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta nuna kwamfutar da haɓa, wai in kashe. Ban kashe ba sai da ta sake faɗa.