Auta Ba Ya Cin Girkin Uwarsa

Ranar da abin ya fara, wuni aka yi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Auta yana ƙarami, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya kafe ya ƙi shan magani. Uwarsa ta rasa yadda za ta yi, sai ta murƙushe ƙwayoyin da bayan cokali ta zuba masa a miya. Ya kai loma, ya ji ɗaci, ya ɗago ya dube ta. Haka ta dinga yi, yau a miya, gobe a shayi, har ya tashi.

Ciwo ya tafi, amma bakinsa bai ƙara yarda da abin da ya fito daga tukunya ba. Ya girma ya zama mai walda, abincinsa busasshen burodi da dafaffen ƙwai, shi ma sai wanda ya ɓare da hannunsa. Abokan aiki sukan tsokane shi, "Ranka ya daɗe, ko a kira Inna ta ba ka a baki?" Sai ya yi yaƙe ya juya baya.

Uwar takan aika masa da abinci, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Rannan ta zaunar da shi. "Auta, wallahi ban sa komai ba. Duba, na fara ci."

"Na sani, Inna," ya ce, ya ajiye cokali. "Maƙogwaron ne ke rufewa."

Ta ɗauke kwanon, don ba ta da wanda za ta yi wa faɗa.

Makon jiya jiri ya kwashe shi a wurin aiki. Yanzu yana kwance a asibiti, jininsa ya yi ƙasa, ana masa ƙarin ruwa.