Gidan da Aka Daina Hura Wuta

Duk wanda ya saba hawa jirgin fito na safe daga Staten Island zuwa Manhattan, da wuya a ce bai taɓa ganin Malam Mahamudu ba. Dogo ne siriri, mai furfura a gemu, da hular sanyi da yake ja har ta rufe kunnuwa ko da rana ta fito. Ba ya zama. Gefen taga yake tsayawa, hannu a aljihun kwat, yana jan carbi ba tare da ya fito da shi ba. Mutumin Gumel ne. Karatu ya kawo shi Amurka tun yana saurayi, karatun ya ƙare, komawar ba ta yiwu ba, sai ya sami aiki a wani asibiti, a sashen da ake wanke almakasai da wuƙaƙen tiyata a dafa su. A nan ya tsufa. In aka tambaye shi sana'arsa, cewa yake wanke-wanke, kuma ba wasa yake yi ba.

Gidansa na unguwar Port Richmond a Staten Island ƙarami ne, na katako, ya girme shi nesa ba kusa ba. A ɗakin ƙasa akwai tsohuwar boila mai shan mai, wadda ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututu ya ɗumama ɗakuna. A gidan nan ya zauna da matarsa Fatsuma da 'yarsu Sa'adiya, wadda ita ce ta fari kuma ita ce auta.

Shekarun da ya yi a Amurka ba su raba shi da kunyar ɗan fari ba. Bai taɓa kiran sunan Sa'adiya ba. "Yarinyar nan" yake cewa, in kuma ta kama dole ya yi mata magana, sai ya ce "ke" yana duban wani wuri. Tana ƙarama ta taɓa tambayar uwarta da Turanci ko Baba ya san sunanta kuwa. Fatsuma ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai shi ya raɗa mata shi. Fatsuma ce tafinta a tsakaninsu. Abin da uba ke so ta bakinta yake fita, amsar 'ya ma ta nan take dawowa, kuma a hanya takan rage wa maganar kowa kaifi. Yana son yarinyar nan kamar ransa, sai dai bai san hanyar da ake bi a faɗa ba.

Fatsuma mace ce mai son ƙamshi. Tana da kaskon turare na ƙasa da ta zo da shi daga Gumel naɗe cikin zani, gawayi kuma ba ya yanke mata, daga shagon wani mutumin Nijar take saye. Matsalar ɗaya ce. A silin akwai 'yar na'urar nan mai ihu in ta ji hayaƙi ko gubar da wuta ke fitarwa, kuma na'urar ba ta bambance turaren wuta da gobara. Da Fatsuma ta zuba turare, sai na'urar ta ɓarke da kururuwa, maƙwabta su leƙo. Wata Juma'a abin ya ishi Malam Mahamudu. Ya taka kujera, ya zare batir ɗin, ya jefa a durowa. Fatsuma ta sa masa albarka. Sa'adiya, wadda a lokacin take karatun aikin jinya, ta ce a mayar. Ya ce wa uwar ta gaya wa yarinyar nan gidansa ne.

A watan Janairun 2014 aka yi wani sanyi da ko 'yan ƙasar sai da suka yi kuka da shi. Ran nan da safe boilar ta mutu. Mai gyara ya ce layi ya yi masa yawa, sai gobe. Malam Mahamudu ya ce wa Fatsuma ta shiga gidan maƙwabta ta wuni, ya tafi aiki. Ita kuwa ba ta iya zama gidan mutane ba gaira ba dalili. Sai ta yi abin da ta taso ta ga uwarta na yi in sanyi ya tsananta: ta cika kasko da garwashi, ta shiga da shi ɗaki, ta toshe ƙasan ƙofa da tawul. A Gumel ɗaki na da kafofi ta ko'ina, iska na shiga tana fita. A nan tagogin sun rufe ruf, gubar garwashi ba ta da mafita.

Bayan la'asar ya dawo. Ya tarar da ɗakin da ɗumi, ga ƙamshi, ita kuma tana kwance a kan darduma cikin bargo kamar mai barci. Ya daɗe yana kiran sunanta kafin ya yarda. A wata maƙabartar Musulmi ta New Jersey aka binne ta, sai da aka sa inji ya fasa ƙasar saboda daskarewa.

Bayan an watse daga zaman makoki, Sa'adiya tana haɗa kayan uwarta, ta ci karo da batir ɗin a durowa. Ta kawo ta ajiye a gabansa a kan tebur, ta ɗauki jakarta ta fita. Tun daga ranar ba ta sake kwana a gidan ba. Ta yi aure, ta tare a Flatbush da mijinta Faruƙ, takan buga waya ta gaishe shi, ya amsa, sai ɗaya ya ce sai an jima. Tafinta ta tafi. Ya mayar da batir, aka gyara boila, ya ci gaba da hawa jirgin fito. Baƙin ciki bai sa ya fasa aiki ko rana ɗaya ba, amma ya rame, kuma ya daina shiga ɗakin Fatsuma.

Da kakar 2017 Inna Rabi, ƙanwar marigayiyar, wadda ke zaune a Mount Hope cikin Bronx, ta zo masa da labari: Sa'adiya na da ciki, haihuwa sai tsakiyar sanyi. Haihuwar fari a gidan iyaye ake wankanta, haka aka yi wa Fatsuma, haka aka yi wa uwarta. Rabi ta ce ita za ta yi mata wankan, amma ɗakinta na Bronx ko ita da 'ya'yanta da kyar suke juyawa. Malam Mahamudu ya ce ta tambayi yarinyar nan ko za ta zo gida.

Amsar ta dawo bayan kwana biyu, kuma Rabi ba ta da hannun Fatsuma wajen tausasa magana. Ta faɗa yadda aka faɗa mata: ba za ta kai jariri gidan da ake hura wuta ba.

Rabi ta ɗauka an rufe zance ke nan, kuma kowa ma haka zai ɗauka. Shi kuwa mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana bin umarni ƙa'ida-ƙa'ida. Bai ji an ce a'a ba, sharaɗi ya ji an gindaya masa.

A masallacin unguwa akwai wani Gariba, mutumin zangon Kumasi, mai sana'ar saka esi, na'urar sanyaya ɗaki. Shi Malam Mahamudu ya tare bayan sallar Juma'a, ya tambaye shi ko ana iya ɗumama gida ba wuta. Gariba ya zo ya zagaya gidan, ya leƙa ɗakin ƙasa, ya girgiza kai. Ya ce abin da ya fi sauƙi shi ne a sa sabuwar boila ta gas. Malam Mahamudu ya ce gas ma ai wuta ce. To, in ji Gariba, sai dai hit-fam, wata na'ura mai aiki da lantarki, rabinta a waje rabinta a bango cikin ɗaki, tana zuƙo ɗumin da ke cikin iskar waje ta shigo da shi, kuma ba ta cin lantarki kamar ƙananan hita na ɗaki.

Malam Mahamudu ya dube shi duban wanda ake son yi wa wayo. Wane ɗumi ne a iskar Janairu? Gariba bai yi musu ba. Ya ja shi kicin, ya sa ya kai hannu bayan firji. Da zafi. Ya ce wannan zafin daga cikin firjin aka kwaso shi, duk da sanyin da ke ciki, na'urar ma haka take, juya ta kawai aka yi.

Zaɓin bai zo da sauƙi ba. Iri biyu ne. Akwai ta gama-gari, wadda ke ragewa in sanyi ya kai maƙura, don haka ake barin boila a gefe ta kama mata. Akwai kuma wadda aka ƙera don ƙasashen ƙanƙara, ta fi tsada, amma tana iya riƙe gida ita kaɗai in an auna ta daidai da girmansa. Gariba ya ba da shawarar ko wacce aka sa, a bar tsohuwar boilar saboda ɓacin rana. Shawara ce ta mai hankali, kuma Malam Mahamudu ya san haka. Sai dai in boila na nan, ba zai iya aika wa yarinyar nan cewa babu wuta ba, shi kuma bai iya ƙarya ba ko ta hanyar aike.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne da Gariba ya ce sai an toshe duk wata kafa ta taga da ƙofa, in ba haka ba ɗumin zai zurare. Malam Mahamudu ya tuna tawul ɗin nan a ƙasan ƙofa. Gariba ya san labarin, kowa a masallacin ya sani. Ya sassauta murya.

"Malam, mashin nan bai ƙona komi. Inda ba a ƙona komi, ba abin da zai taru cikin ɗaki."

Bai yarda nan take ba. Sai da ya sa Gariba ya kai shi wani gida da aka saka irinta, a wata safiya mai sanyi, ya tsaya ƙarƙashinta ya ɗaga hannu yana jin iskar, ya sunsuna, ya tambayi matar gidan ko kanta na ciwo da safe. Sannan ya ce a sa masa ta ƙasashen ƙanƙara. Aka yanka boilar gunduwa-gunduwa aka fitar, aka kwashe tankin mai. Murhun gas ma ya ce a cire, da tukunyar ruwan zafi, duk aka mayar na lantarki. Kaskon ya naɗe a zanin da ya zo ciki ya ba Rabi ta ajiye. Dattawan masallaci suka ce da alama Malam so yake a tarar da shi a daskare kamar kifin kanti. Ya yi murmushi kawai, ya aika Rabi ta gaya wa yarinyar nan babu sauran wuta a gidan. Amsa ba ta zo ba.

Ƙarshen Disamba sanyi ya sauko da ƙarfinsa, irin na shekarar da Fatsuma ta rasu. Ya shiga ɗakinta, karon farko cikin shekaru, ya share, ya shimfiɗa sabon zanin gado, ya zauna yana sauraron na'urar tana huci a hankali. Ɗakin ya yi ɗumi. Wata safiya ya leƙa taga ya ga farin hayaƙi na tashi daga ɓangaren da ke waje. Nan take ya danna lambar Gariba. Gariba ya ce ba hayaƙi ba ne, tururi ne, ƙanƙara ce ke kama jikinta, takan narkar da ita lokaci-lokaci ta ci gaba da aiki.

Cikin Janairu aka haihu, mace. Rabi ta buga waya ta ce gobe za a sallame su, amma ita ma ba ta san inda za su nufa ba. Washegari bai je aiki ba. Ya kwashe dusar ƙanƙarar da ke kan matakala, ya zuba gishiri, ya koma ya tsaya bakin ƙofa kamar mai jiran wani abu dabam.

Wajen azahar motar Faruƙ ta tsaya a ƙofar gida. Rabi ta fito da jaka, sannan Sa'adiya, tana takawa a hankali, da jaririya ƙunshe a ƙirjinta. Ta kai tsakiyar hanya ke nan sai na'urar da ke gefen gida ta fara fitar da tururinta, fari tas, yana hawa jikin bango daidai tagar ɗakin uwarta. Sa'adiya ta tsaya cak. Ma'aikaciyar jinya ce, ta san tururi, amma a wannan lokacin ba ilimi ke aiki ba. Ta ƙanƙame 'yarta ta juya wajen mota.

Ya dubi Rabi don ya ce ta gaya mata, sai ya ga kafin saƙon ya isa za a rufe ƙofar mota.

"Sa'adiya."

Sunan ya fito masa kamar ba daga bakinsa ba. Ta waiwayo. Ya sauka daga matakala da silifas, ya taka cikin ƙanƙara har gaban na'urar, ya sunkuya ya sa fuskarsa cikin tururin, ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya ɗago gemunsa na ɗigar ruwa.

"Ruwa ne," ya ce. "Babu wuta. Na cire duka."

Ta hau matakalar. A falo ta tsaya da kwat ɗinta a jiki, ta ɗaga kai tana duban silin. Ya gane. Ya jawo kujera, ita ce dai ta wancan karon, ya taka, ya danna maɓallin gwajin 'yar na'urar nan mai ihu. Na'urar ta ƙwala ihu, jaririyar ta firgita ta tsala kuka, gidan da ya shekara huɗu shiru ya cika da ƙara. Rabi ta toshe kunne tana faɗa. Shi kam bai yi saurin ɗauke yatsansa ba.

Da ya sauko, Sa'adiya ta miƙa masa jaririyar don ta sami hannun cire kwat.

"Baba, riƙe ta," ta ce da Hausa. "A ɗakin Umma za mu zauna."