Binne Biyu a Rana Ɗaya

Jiya a hanyar Ajingi na ga wani dattijo yana binne, yana zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Sai Habu ya faɗo mini a rai.

Shekarar babban farin nan ce, ina sabon malamin adabi a Gaya. Muna karanta wani littafin Turawa da tauraronsa ke cewa duk wahalar ɗan'adam banza ce, tunda kabari ne ƙarshenta. Ni kuwa boko na ɗibata, gani nake ba a taɓa magana mai zurfinta ba.

Habu, ɗalibina ɗan garin Toranke, ya yi mako bai zo ba. Da ya dawo na tsayar da shi gaban aji.

"Ina ka shiga?"

"Binne muka yi, Malam."

Na daka masa tsawa: "Wato gero ya fi karatu? To faɗa mana abin da ka fahimta a maganar mutumin littafin nan."

Ya sunkuyar da kai. "Malam, ƙanwata muka binne da hantsi, yunwa ce. Da la'asar Baba ya ɗauko irin da ya hana mu ci, muka binne a gona. Shi mutumin littafin a ƙoshe yake maganarsa."

Na ce ya je ya zauna, na juya ga allo.

Ruwan bai zo ba. Habu ma daga wannan zangon bai sake dawowa ba, kuma ko "Allah ya jiƙanta" ban ce masa ba.

Jama'a, ran nan tsakanin ni da shi, wane ne malamin?